Katin da Kunkuru Ya Kife

Daga Ofishin Shugaban Ƙungiyar Masu Wasan Kati ta Duniya Baki Ɗaya,
Hawa na sama, kusa da fanka.

Zuwa ga ɗan wasanmu Wutar Kara, mai kai saƙo a babur.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta manya, wadda ba kowa muke yi wa ba, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da mahaifiyarka da ciwon gwiwarta, da babur ɗinka mai tari. Mu nan lafiya lau, sai yawan aiki da baƙi daga ƙasashe.

Kada ka yi mamakin yadda muka san da zamanka. Duk inda mutane suka zauna da katunan nan masu hoton dabbobi da mayaƙa, kowa ya saya, ya yi musanye, ya roƙa, har ya haɗa nasa damin da hannunsa, to labarinsu yana iso mu. Mun san ba karta ba ce, ko da yake akwai wata tsohuwa da har yau ba ta yarda ba.

Rahoton da ya zo teburina ya ce akwai wasa da aka bari a tsaye a ɗakin baya na shagon Mai Aski, kuma fulogi yana gabanka. Tunda an ce mantuwa ta kama ka kwanan nan, har ba ka gane kukan wayarka, bari in tuna maka. A teburinku tsohon fulogin babur ne alamar mai wasa, in mutum ya gama ya tura wa na damansa. Marafan kwalba su ne ran kowa, duk wanda aka kai wa hari, harin ya ci, sai a rage masa. Dokokin kuma ku kuka kafa su da bakinku: wasan da aka tsayar ba a taɓa shi, ba a leƙa katin kowa, ba mai buga wa wani, kuma ba wanda ya fita sai marafansa sun ƙare, ko an kama katin wani a cikin daminsa. Wannan ta ƙarshen an ce Kunkuru ne ya kawo ta, saboda halin ƙaninsa.

Ku huɗu ne. Mai Aski da daminsa na giwaye, waɗanda ba sa fitowa sai an kusa tashi. Kai da mayaƙanka masu gudu. A damanka Auta mai wankin mota, da daminsa na ɓeraye da ɓarayi, yaro mai basira wanda ƙungiya take alfahari da shi. Sai wansa Kunkuru mai gyaran firiji, da ganuwarsa, da kati ɗaya da ya kife a gabansa wanda ba wanda ya san ko mene ne. Komai yana nan yadda kuka bar shi, Mai Aski ya rufe da ƙyallen da yake ɗaura wa mutane a wuya.

Kunkuru ba zai samu zuwa ba. Ƙungiya ta san uzurinsa. Kai ne ba mu san naka ba.

Akwai kuma ƙara a kanka. Auta ya ce Dilarsa ta ɓata, katin da ya fi so, mai lanƙwasa a kusurwa ɗaya, wadda take sace duk abin da mutum ya ajiye a tebur. Ya ce tun kafin wasan nan yake cigiyarta, kuma duk teburin ba wanda ya tsane ta kamarka. Ba mu yanke hukunci ba tukuna. In ka zo ka kare kanka.

Idan ka ga rubutun ya karkace, sakatarena ne ya tafi hutu, ni kuma na fi sabawa da rubutun da yake tasowa daga dama. Ƙanshin sabulun da ke jikin takardar daga kamfani yake.

Ka gaida gida. Ka huta lafiya.

Naka,
Shugaba.

*

Daga Ofishin Shugaba.

Zuwa ga Wutar Kara.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan ka kwana lafiya ka wuni lafiya. Yaya jikin tsohuwa? Yaya hanya? Ɗan aikena ya tabbatar mini ya cusa takardar farko a ƙarƙashin kujerar babur ɗinka, kuma da ya koma ya duba ba ta nan. Ke nan ka karanta. Shiru ma amsa ce, amma ba a ofishinmu ba.

Ƙungiya ta zauna a kan tsohuwar gardamarku kai da Kunkuru, wadda kuka fara tun Auta yana zaune a ƙasa yana tsince muku marafai. Kai ka ce wasa hari ne. Ka cika daminka da ƙananan katuna masu araha, ka fito da su tun zagayen farko, ka buga, ka sake bugawa, kafin mutane su gyara zama ka cinye rabin ransu. Ka ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Shi kuma ya ce shi ya sa ake kiranka Wutar Kara, ka tashi fuu, ka mutu murus. Ya ce a teburin mutum huɗu, wanda ya fara jawo ido shi ke fara fita. Shi dai ya aza dutse, ya tura fulogi. Ya sake aza dutse, ya tura fulogi. Ku yi ta cin junanku, ku manta da shi, sai kun waiwayo ku ga ganuwa ta kai rufi, a bayanta kuma mutum ɗaya yana shan shayi. Ka ce wannan ba wasa ba ne, zaman jiran mota ne. Ya ce motar tana zuwa.

Ba mu iya raba ku ba. Rabin ƙungiya na bayanka, rabi na bayansa, ɗaya kuma ya yi barci.

Yanzu ga abin da rahoto ya ce game da ranar, in da kuskure ka zo ka gyara. Bayan la'asar ne. Ka yi ta ragargazar Mai Aski da Auta yadda ka saba, Kunkuru ya fi kowa marafai yadda ya saba. Fulogi ya zo gabansa, ya daɗe bai buga ba, fiye da daɗewarsa ta kullum. Ya sunkuyar da kai, ya rufe baki da tafin hannu, kafaɗarsa tana ɗan motsi. Kai kuma ka buga tebur ka ce don Allah ya buga kafin mutuwa ta zo ta same ku a zaune. Aka yi dariya. Auta ne ya fi kowa yi. Sai Kunkuru ya zaro kati ɗaya ya kife, ya tura fulogi. Mai Aski ya yi nasa, ya turo maka.

Kana shirin kai hari ke nan Kunkuru ya ce kansa ya yi nauyi, a bar shi haka, gobe a ƙarasa. Da ƙafarsa ya fita. A bakin ƙofa ma ya juyo ya nuna Auta da yatsa ya ce saura ya leƙa. Da safe aka kai shi asibiti, suka ce wata jijiya ce a kai. Kai ka ɗauko Inna, mahaifiyarsa, a babur. Kafin ku iso an rufe shi da zane.

Ka riƙe makara, an gan ka. Ka zauna zaman gaisuwa a can ƙarshen tabarma, ba ka ci komai ba. Daga nan ba a sake ganinka ba.

Ƙungiya ta duba littattafanta kaf, ba ta ga inda magana ta taɓa tsinka jijiya ba. Ai da maganarka tana kashe mutum, da Mai Aski ya daɗe a ƙasa, irin abin da kake faɗa wa giwayensa. Wannan hukunci ne daga sama, ba a ɗaukaka shi.

Fulogi yana gabanka.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ka gaida tsohuwa.

Shugaba.

*

Zuwa ga Wutar Kara.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Na san kana lafiya, don an ga babur ɗinka ya wuce ta gaban wurin wankin mota, kai a kansa, fuskarka tana kallon ɗaya gefen titi kamar an buɗe sabon shago a can. Ba a buɗe komai ba, katanga ce. Babur ɗin ya yi datti. Ƙungiya ta ba da umurni a wanke maka kyauta.

Labari ya canja. Mai Aski ya ba wata mai ɗinki hayar ɗakin baya. Ba da son ransa ba, ya ce ɗaki ba ya zama a rufe saboda tebur. An riga an kawo gwangwanin fenti an ajiye a bakin ƙofa, mai fenti zai zo ƙarshen makon nan. In ba ka zo ba, za a tattara katunan a zuba a leda, naka da na kowa, da wanda aka kife. Mai Aski ya ce shi ba zai sa hannu ba. Auta ya ce shi ma. To mai fenti ne zai yi, mutumin da bai san giwa daga ɓera ba.

Zan ba ka rahoton Auta, tunda kai ba ka tambaya ba. Yana nan. Yana zuwa aiki, yana wanke motoci, har an ce ya fi da iya wanki, don yanzu ba ya tsayawa surutu. Yana cin abinci, yana yin barci. Mutane suna riƙe hannunsa suna cewa ya yi haƙuri, yana cewa na gode, yana kallon bakinsu yana motsi. Jira yake abin ya zo masa yadda ya zo wa Inna, bai zo ba. Ya ce kamar ka daɗe zaune a kan ƙafarka, ka miƙe ka taka, ka san ƙafarka ce amma ba ka jin ƙasa. Ranar zaman gaisuwa ya musanya takalman mutane a bakin ƙofa, na liman ya haɗa da na mai shayi, don ya ga ko wani abu zai motsa a cikinsa. Kowa ya nemi nasa ya sa ya tafi. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ko zage shi. Da wansa na nan da ya murɗe masa kunne.

Ɗakinsu ɗaya da marigayin, ka sani. An naɗe katifar an jingine. Akwatin kayan aikinsa yana ƙarƙashin taga, har yanzu mutane suna zuwa tambayar firijinsu, Auta yana nuna musu su ɗauka.

Kullum in ya tashi aiki sai ya biya shagon. Ya ɗaga ƙyallen, ya karɓi burushin aski ya share ƙura a hankali don kada wani kati ya gusa. Marafan Kunkuru suna nan a jere, sun fi na kowa. A gida an ce ya rasu, a asibiti an ce ya rasu, masu firiji ma sun ji. A teburin nan kaɗai ne bai fita ba, hasali ma shi ke kan gaba.

Katin da aka kife kuwa, ka san Auta. Yaron da ya taɓa leƙa katin Mai Aski ta madubin shago, wanda ya taɓa ɓoye naka a cikin hular kwanonka. Ya zauna shi kaɗai da katin nan ba adadi, ba mai ganinsa. Bai ɗaga ba. Kada ka ce ya shiryu. An ce masa saura ya leƙa, kuma ita ce magana ta ƙarshe da aka yi masa a wurin.

Ba na ce ka zo ka yi magana ba. Ka zo ka buga, ko da baki a rufe.

Wassalam.

Shugaba.

*

Zuwa ga Wutar Kara.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da tsohuwa, da babur.

Mai Aski ya ba da labarinka. Ya ce ka zo da hantsi, lokacin da ka san Auta yana wurin aiki. Ka gaishe shi da kai, ka shige ɗakin baya, ka ɗaga ƙyalle ka zauna a kujerarka. Ya aske mutum, ya aske wani, ya leƙo ya same ka yadda ya bar ka, katuna a hannu. Mayaƙanka suna tsaye a tebur, ko rabinsu ka tura sun isa su fasa ganuwar. Ba ka tura ko ɗaya ba. Ka ajiye katunanka, ka tura fulogi dama, ka fita. Tun da aka kafa teburin nan ba a taɓa ganin ka bar zagaye ba hari ba. Mai Aski ya ce da Kunkuru ya gani da ya ce ashe kana jin karatu.

Ka yi wayo. Amma ka manta wanda ke damanka.

Da yamma Auta ya zo da burushinsa ya tarar da fulogi a gabansa. Duk kwanakin nan yana yawo yana cewa ba shi ke da wasa ba, wani ake jira. Yanzu ba wanda ake jira. Ya zauna ya duba. In ya yi yadda ka yi, fulogi zai tafi gaban kujerar da ba kowa, ya zauna nan har mai fenti ya zo. In ya kai wa Mai Aski hari, ko kai, duk ɗaya ne, nan dai fulogin zai ƙare. Hanya ɗaya ta rage, wadda kai ka ƙi bi. A gabansa kuma ba abin da ka bar masa sai Ɓera guda, kati mafi ƙanƙanta a daminsa, wanda ko marfi ɗaya da ƙyar yake ci.

Ya daɗe. Ya yi daɗewar da da kana nan da ka buga tebur. Sannan ya kira Mai Aski ya zo ya zama shaida, ya tura Ɓera gaban ganuwar wansa. Ka san doka, in an kai wa mai kifaffen kati hari dole a buɗe, kuma mai harin ba ya buɗewa da hannunsa. Mai Aski ya goge hannu a riga, ya yi bisimilla, ya juya katin.

Dila ce. Da lanƙwasarta a kusurwa, da tabon ruwan sabulu a wutsiya.

Ka fahimta? Kunkuru ne ya ɗauke ta. Mutumin da bai taɓa ɓoye wa kowa ko cokali ba. Ya zare ta daga ƙarƙashin matashin ƙaninsa, ya zuba ido yaron yana birkita ɗaki, yana rantsuwa, yana ce maka ɓarawo a gaban jama'a, shi kuma yana shan shayi yana cewa a yi haƙuri za ta fito. Ya san ba ka iya ganin kati a kife ba ka afka masa ba. Kai ya shirya wa ka kai hari a buɗe ta, a gaban mai ita, teburi ya fashe. Kuma ya san dokar da ya kafa da bakinsa, wanda aka kama da katin wani ya fita. Wasan da yake ci ne ya ajiye don dariya ɗaya. Rama cuta ga macuci ibada ne, shekara nawa yana tara wannan ladan.

Daɗewar da ya yi ranar, da rufe bakin, da kafaɗar da ke motsi, wanda duk muka ce ciwon ne ya fara kai kuma kana zolayarsa. Ko ciwon ya fara a lokacin, Allah ne masani. Amma wannan rufe bakin an san shi tun a makarantar allo, haka yake yi in Malam ya yi tuntuɓe da buta. Dariya yake dannewa. Da ka ce ya buga kafin mutuwa ta zo, ƙara ba shi dariya ka yi.

Mai Aski ya tsaya yana kallon katin, sai ya koma cikin shago ya kunna injin aski, ba kowa a kujera. Auta ya yi dariya sau ɗaya, ta fito kamar tari. Ya tattara marafan wansa ya zuba a aljihu, don doka ta ce ya fita. Ba wanda ya fitar da shi. Abin da yaron yake jira bai zo duka ba, amma ƙafar ta fara zugi, irin zafin da ke zuwa in jini ya dawo.

Da aka gaya wa Inna, ta ce ashe shi ma ya iya. Ta yi dariya sosai, har ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a ciki. Da ta fito ta ce a kawo teburin cacar gida, amma ba a falo ba. Mu biyu muka ɗauko shi da Mai Aski, a kan ƙafa, a hankali kamar mun ɗauko ruwa a faranti, masu babur suna ta zaginmu. Ba abin da ya gusa. Yana ɗakinmu, inda katifar take da. Fulogi ya tsallake kujerar da ba kowa ya je wa Mai Aski, giwarsa ta fito a ƙarshe, ya turo maka. Saura mu uku, kuma giwar ni take kallo.

Ƙarar da aka shigar a kanka an janye ta. Mai ƙarar yana ba da haƙuri.

Na ga na rubuta mu biyu, na rubuta ɗakinmu, kuma ba ni da wata takardar da zan sake. To shi ke nan. Babu ƙungiya, babu sakatare, babu hawa na sama. Fankar dai gaskiya ce, ita ma ba ta juyawa tun da mai gyara ta ya tafi. Na san ka gane tun layin farko, wa ya rage a duniya da yake rubuta boko kamar kaza ta bi ta kan laka. Na ari babbar kujera ne don da sunana na kira ka ba ka ɗauka ba, kuma da bakina ba zan iya ce maka Wutar Kara ba, ka girme ni.

Ka zo bayan la'asar, Yaya. Na rubuta kalmar na tsaya ina kallonta, tun ranar ban kira kowa da ita ba. Ka zo da babur ɗin in wanke. Kuma in ka zauna kada ka tausaya mini, ka kawo harin yadda ka saba, Dilata ta dawo.

Ni ne ƙaninka,
Auta.